Kada Ka Ja Igiyar Injin Nan, Nasiru

Tudun Wada, Gusau
Ranar Asabar, da hantsi

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka Bungudu lafiya, ka kuma tarar da mutanen gidan kawunka lafiya. Allah ya tsare ka a inda ka sa ƙafa, ya tsare hannunka da idonka, ya sa wannan tashi da ka yi daga gida ya zama alheri.

Yau kwana biyu da tafiyarka. Jikin da sauƙi, alhamdu lillahi. Ƙafar dama ta kumbura kamar yadda ta saba, tarin ya ɗan lafa, na sha rabin kofin koko. Za ka ga rubutuna yana karkacewa. Rabi tsufa ne, rabi kuwa abin da na gani da safen nan ne.

Na ɗauki tsintsiya ina share gindin dalbejiya, inda kai da Bala mai gyaran babur kuka zauna ranar Laraba kuna buɗe injin yankan itacen da na ba ka. Cikin ganye sai na ji tsintsiya ta taɓa wani abu mai ɗan nauyi. Na duƙa na ɗauka. Bai fi gaɓar babban yatsa ba, jikinsa kamar auduga da ta sha datti, gindinsa da ɗan ƙarfe. Wallahi Nasiru, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Matatar mai ce, wadda ke rataye a bakin tiyo a cikin tankin injin. Tana hannuna a Gusau, injin kuwa yana wurinka a Bungudu, kuma jibi Litinin za ka shiga wannan ƙaton maɗacin da ka ce iskar farkon damina ta karkato shi kan gidajen mutane.

Na ɗauki sanda na lallaɓa har bakin titi wurin Bala. Na buɗe masa tafin hannuna.

Ya ce, "Au, Baba, wanga? Ai shi ne mai laihin. Ya toshe, mai bai wucewa. Da munka cire shi inji ya tashi tas. Ba ka ji kukanai ba?"

Na ce, "Na ji."

"To! Ko sabon babur albarka."

Na ce, "Bala, ka taɓa ganin babur da ake tuƙa shi a kwance?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, yana zaton wasa nake. Da na matsa masa da tambaya sai ga sauran magana tana fitowa, kowace ta fi ta baya. Wai ya ga mai yana ɗan tsatsa ta wata 'yar ƙofa a saman tanki, ya liƙe ta da gam. Wai kuma ya ɗan ɗaure kusoshin kafireta don murya ta fito. Yana faɗi yana murmushi, kamar mai ba da labarin alherin da ya yi. Na tsaya ina kallonsa. Ba mugun yaro ba ne, aikin babur ya iya, kuma ya iya shi. Ni ne na kwanta a ɗaki da zazzaɓi na bar ku. Na ji kukan injin ta taga, na ji ya yi siriri da yawa, na ce a raina gobe zan duba, gobe kuwa ta zo ka tafi ina barci.

Na sa an kira wayarka sau uku ba ta shiga ba. Ko ta shiga ma, ka san halin kunnena. Shekarun da na yi ina rungume da inji sun cinye shi, maganar mutum a waya ba na tsintar komai a ciki, kai kuma ka ce "to Baba, to Baba" ka kashe. Shi ya sa na ɗauko takarda. Ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, kuma kafin ka gama, kada ka ja igiyar injin nan.

Ga abin da Bala bai sani ba. Babur a tsaye yake aiki, mansa kullum yana gangarowa ƙasa. Injinmu kuwa juya shi ake yi. Ka yanka reshe yana tsaye, ka kwantar da shi a gefe ka shiga gindin itace, wani lokaci har ka kifa shi. Wannan ɗan ƙarfen na gindin matata shi ke jan bakin tiyo zuwa duk inda mai ya taru. In ka cire shi, tiyo zai tsaya inda ya ga dama. Muddin tanki a cike yake ba za ka ga komai ba, inji zai yi ta ruri kana jin daɗi. Sai mai ya yi rabi, ka kwantar da shi, sannan bakin tiyo ya fito sama ya zuƙi iska. Zai yi wani irin ihu, sannan ya mutu. Kuma ba ya mutuwa sai a lokacin da ka fi bukatarsa, wato kana tsakiyar gindi.

Ban koyi wannan a makaranta ba. Abin da na sani game da inji, kusan duka da ɓarna na saye shi. Bari in faɗa maka wasu, ko ka tsira daga maimaita su.

Shekarar da na bar aikin awon katako na sayi injina na farko, na sami aiki a wani ƙauye bayan Tsafe. Na sauka a mota, na sayi mai wurin 'yan bumburutu a bakin hanya, na zuba man gauraya, wato maiƙon da ake haɗa wa fetur, na girgiza, na tafi. Inji ya yi minti biyar ya fara tari, ya mutu. Ni kuwa sabon shiga, abin da na ji manya suna faɗi kawai na riƙe, wai kafireta. Na shimfiɗa rigata a ƙasa na wargaza ta gaba ɗaya, har wani ɗan siririn waya mai tsalle ya faɗa cikin yashi na yini ina nema. Da yamma wani tsoho da ke kallona tun safe ya ce in ba shi galan ɗin. Ya tsiyaya man a kwalba, ya ajiye a kan dutse, ya ce in jira. Ba a daɗe ba sai ga ruwa ya kwanta a gindin kwalba, fari tas, kaurin yatsa biyu. Ya ce, "Yaro, ka yanka akuya don ciwon da ke ga tulu." Tun daga ranar, in inji ya ƙi, mai nake fara tuhuma. Kai ma ka yi haka. Ka riƙa yawo da kwalba mai haske. Kada ka yi aiki da gaurayen da ya kwana wata a galan. Kada kuma ka yarda wani ya ce maka baƙin man mota da aka juye zai maye gurbin man gauraya. Na taɓa yi, ya toshe mini salansa da baƙar kunkunniya har inji ya kasa numfashi. Kafireta ita ce ta ƙarshe da za ka buɗe, ba ta farko ba.

Ita kuwa 'yar ƙofar da Bala ya liƙe, hancin tanki ce. Mai yana fita, dole iska ta shiga ta maye wurinsa. In ka toshe ta, inji zai yi aiki na ɗan lokaci, ya fara ja da baya kamar wanda aka shaƙe, ya mutu. Ka bar shi ya huta, ya tashi, ya sake mutuwa. Ni da sabulu na taɓa toshe tawa, don tana ɓata mini wando, na yi mako guda ina zagin injin da ba shi da laifi. Gwajin ba wuya. Da ya mutu, ka kwance murfin tanki a hankali kusa da kunnenka. In ka ji ya ja iska, fuu, to hancin ne. Ka kankare gam ɗin nan tas.

Akwai kuma ta allura. Wani inji da na ajiye duk damina da mai a cikinsa ya ƙi tashi. Na buɗe kafireta, na ga ƙofofinta ƙanana kamar idon ƙuda, na ɗauki allurar mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sokawa. Na faɗaɗa su ban sani ba. Daga ranar injin ya zama mashayi, fulogi kullum a jiƙe, hayaƙi kamar ana toya gawayi, babu irin juyin da ban yi wa kusoshi ba bai daidaita ba. Ashe ciwon ma ba a nan yake ba. A cikin kafireta akwai wata 'yar fata baƙa, siririya, ita ke bugawa tana jawo mai. Tsohon mai ya busar da ita ta yi tauri kamar ganda. Sauya ta kawai ake yi. Don haka ƙarfe kada ya shiga waɗannan ƙofofi. Ka wanke da fetur mai tsabta, ka hura da famfon taya. Akwai wata 'yar raga a ciki, ba ta kai ƙwayar wake ba, ka ɗaga ta a rana ka ga ko haske na wucewa. Yanzu da kuka yi aiki babu matata, na tabbata ta cika da ƙasa da garin katako. In za ka ajiye inji fiye da mako biyu, ka juye tanki, ka tashe shi ya ƙone abin da ya rage har ya mutu da kansa.

Maganar kusoshi kuwa, a nan ne na fi jin kunyar kaina, don wannan ba jahilci ba ne, son a sani ne. A zamaninmu, in an zo ɗaukar mai inji a bakin kasuwa, da kunne ake zaɓe. Kowa ya tashi nasa, wanda ya fi tsala ihu shi ake cewa mai ƙarfi. Na gano in na ɗaure kusar da aka rubuta wa H, wato mai kula da mai in an matse wuta, murya takan haura har ta fi ta kowa. Na samu aiki kuwa. Mutane suna cewa injin Ɗahiru kamar jirgi. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, man da na rage masa shi ne kuma ke ɗauke da maiƙon da ke shafa cikinsa. Wata rana a Bungudu, ina cikin tsaga gungume, ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa. Da aka buɗe, fistin ya yi zane-zane kamar an ja shi a kan tsakuwa. Kukan da na ji ta taga ranar Laraba, irin wannan ne sak.

Ka gyara shi haka. Ka wanke matatar iska tukuna, don ba a daidaita kafireta a kan datti. Kusoshin nan biyu, mai L da mai H, ka ɗaure kowace a hankali da yatsu biyu har ka ji ta taɓa, kada ka matsa, sannan ka kwance ta zagaye ɗaya. Daga nan ake farawa. Ka tashe shi ya yi zafi. In ka matse wuta ya yi jinkiri kamar zai shiɗe kafin ya ɗauka, ka ƙara kwance L kaɗan. In ka matse har ƙarshe a iska, muryar da kake nema mai ɗan gurnani ce, mai kauri, wadda sai ya shiga itace take washewa. In ta yi siriri tana tsala, yunwa yake ji, ka kwance H. Kusa ta uku ta zaman banza ce, ka sa ta inda inji ba zai mutu ba, sarƙa kuma ba ta motsi. In ka yi duk wannan yana ta hawa da sauka shi kaɗai, to yana shan iska ta wani wuri, ka duba tiyo ko ya tsage, ka duba robar da ke tsakanin kafireta da inji. Fulogi kuma ba ya ƙarya. In ka ja ka ja bai tashi ba, ka cire shi. A bushe, mai ba ya isowa. A jiƙe, ka shaƙe shi da cok, abin toshe masa iska, ka buɗe cok ka ja igiya babu fulogi har ya amayar.

Na san ina kewaye-kewaye. Tun ɗazu nake rubuta waɗannan don ina tsoron isowa ga wadda ta sa na zauna a ƙasa da safe.

Ka san Baba Mamman na Bungudu, mai tebur a bakin tasha, wanda ke ɗingishi. Kun tashi kuna jin cewa itace ne ya faɗa masa muna aiki tare, saboda an sayar mana da mai mai ruwa. Haka kowa ya sani. Haka na faɗa. Ba haka ba ne.

Wata ƙatuwar kirya ce a gonar wani mutum wajen 'Yankuzo, ta bushe a tsaye, yana so a kayar. Ni ke riƙe da inji, Mamman ke riƙe da igiyar jan itacen. Lokacin yana da ƙarfi, ga mata da 'ya'ya biyu. Da safe inji ya yi ta nauyi, in na matse sai ya noƙe. Na lanƙwasa waya na zaro tiyo daga tanki, na ga matata ta yi baƙi. Ba ni da wata, Tsafe kuma da nisa. Na fizge ta na jefa a aljihu, na mai da tiyo, na cika tanki. Inji ya tashi da ruri. Mamman ya ce, "Kai Ɗahiru, mi ka ba shi, fura?" Muka yi dariya.

Na sare rassan ƙasa lafiya. Na yi bakin gaba, wato saran gefen da za ta faɗi, lafiya. Na zagaya baya na kwantar da inji na shiga. Na ci fiye da rabi, gefe ɗaya ya kusa fita, ɗaya gefen da saura kamar taƙi guda, sai inji ya yi ihun nan ya mutu. Itacen ya zauna a kan takobin injin, ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, ya danne shi. Na ja igiya, na ja, na ja, har fatar yatsana ta saluɓe. Mamman ya gaji da jira ya saki igiyarsa ya taho.

Ya ce, "Bari in buga maka itace a tsagar, ka samu ka zare shi."

Da ma na ce masa ya koma. Ban ce ba. Idona yana kan injin, ina tunanin kada takobi ya lanƙwashe. Ya duƙa yana bugawa, sai iska ta taso, ba ma wata babba ba. Na ji ƙara a sama, kiryar ta juya a kan gefen da ban gama ba, ta taho inda ba mu tsara ba. Ni na yi tsalle. Shi yana duƙe.

Wasu Fulani ne da ke kiwo kusa suka sheƙo da gudu, suka sa sanduna da kafaɗu muka ɗaga reshen da ya danne shi. Wani dattijo cikinsu ya yage rawaninsa ya ɗaure cinyar. A amalanken shanu muka kai shi Tsafe. Duk hanya bai yi kuka ba, abin da yake ta faɗi kawai, "Ɗahiru, injin bai lalace ba ko?"

Da 'yan'uwansa suka taru a gidan maɗori suka tambaye ni me ya kashe injin, sai na ji bakina ya ce ruwa ne a cikin mai. Ba wanda ya yi musu, don kowa ya san an taɓa yi mini haka. A lokacin ni kaina ban tabbata ba, amma ban kuma duba ba, don ba na so in sani. Ƙannensa suka je wurin mutumin da ya sayar mana da man suka yi masa tijara a gaban jama'a, suka zubar masa da kwalabe. Yana rantsuwa, ba mai saurare. Bai ƙara wata biyu a bakin hanyar nan ba ya tashi, ban san inda ya nufa ba, ko sunansa ban riƙe ba.

Bayan kwana uku mahaifiyarka tana wanki ta zo da matatar da ta ciro a aljihuna ta ce, "Malam, wannan fa, na zubarwa ne?" Na karɓa. Na shiga zaure na tsiyaya sauran man galan ɗin a kwalba, na zauna ina jira. Babu ko ɗigon ruwa. Na buɗe tanki na leƙa, ga bakin tiyo can a sama ya lanƙwashe yana kallona. Na rufe, na fito, na ci abinci. Ban gaya mata ba har ta koma ga Allah. Mamman kuwa ya zo sunanka da ƙafarsa guntuwa, ya zo jana'izarta, duk Sallah sai ya aiko mini da goro. Shekara talatin da wani abu ke nan.

To ka ga abin da na tsinta yau a cikin ganye. Abin da na ɓoye tun kafin a haife ka, shi ne ya dawo tsakar gidana, a injin da na ba ɗana da hannuna. Da na faɗi gaskiya tun a wancan lokaci, da kai da Bala da duk wani mai taɓa inji a garin nan kun tashi da sanin cewa ba a cire wannan abu. Shiruna ne ya cire shi, ba Bala ba.

Na sa shi ya hau babur ya je kasuwa ya samo sabuwar matata da sabon tiyo, ga su nan a ƙulle cikin leda tare da takardar nan. Ya kawo yana ta ba da haƙuri, na ce ya bari. Ka juye tanki, ka ɗauraye shi da fetur, ka sa su. Ka girgiza injin kusa da kunne, ka ji ƙarfen yana bugun bangon tanki. Sannan ka yi gwajin da ni ban yi ba. Ka zuba mai rabi kawai, ka tashe shi, ka kwantar da shi dama, ka kwantar hagu, ka sunkuyar da kansa, kowanne ka ƙirga talatin. In muryarsa ta sauya ko sau ɗaya, bai shirya ba. Ka yanka wani gungume a kwance ka gani kafin ka kusanci maɗacin. Ranar aiki kuma, kafin yankan baya, ka tsaya ka cika tanki ko da kana ganin da saura.

In kuma duk da haka ya mutu maka a cikin gindi, ka saurare ni da kyau. Ka sake shi. Ka bar shi a ciki ka ja da baya ta hanyar da ka share tun farko. Kada ka bar kowa ya matso, ko mai unguwa ne, ko kawunka ne. Ka ɗaga murya ka kore su, a ce ba ka da kunya. Mutanen gidajen nan a fitar da su tun kafin ka fara, har da awaki. Inji ƙarfe ne, ana sayen wani.

Na san abin da ke ranka. Wannan ne babban aikinka na farko kai kaɗai, a garin da kake so ka zauna, kuma ka riga ka ce Litinin. Kana tsoron a ce ɗan Ɗahiru ya zo da mataccen inji. In bai daidaita ba, ka je ka ce a ƙara maka kwana biyu. Za su yi gunaguni, wani ma ya yi maka dariya. Dariya ba ta karya ƙashi. In kuma wata rana ka yi kuskure, don za ka yi, ka faɗe shi a ranar, tun yana ɗanye. In ya kwana ya fi wuyar fita, in ya shekara sai ya zama kamar wani ɗaki a cikin gidanka da kake kewaye shi.

Mamman yakan shigo Gusau ranar Asabar sayen kayan teburinsa. Na sa Bala ya kira wani maƙwabcin Mamman a tashar Bungudu, a gaya masa ya biyo ta nan bayan azahar, ina da saƙo zuwa gare ka, ina kuma da magana da shi. Shi zai kawo maka takardar nan. Kafin in ba shi, zan zaunar da shi in gaya masa abin da na rubuta maka. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na sa an sayo fura. Ban san da wace kalma zan fara ba.

Ka gai da kawunka da iyalinsa. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka yi bisimilla kafin ka taɓa igiya. Allah ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da na itace da na hanya. Allah ya sa itacen nan ya kwanta inda ka nufe shi, kowa ya koma gidansa da ƙafafunsa. Allah ya yi maka albarka, ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka ƙi sani. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Ɗahiru

Ƙari. An yi la'asar, rana ta sauka bayan katanga. Mamman bai zo ba. Duk babur da ya tsaya a ƙofa sai in miƙe. Furar ta tsinke. Bala ya ce lallai an ba Mamman saƙon, har an gan shi a kasuwa da hantsi. Ban sani ba ko ƙafar ce ta dame shi ya juya, ko mota ce ta cika ya bi ta. Ko kuwa ya daɗe da sanin abin da zan faɗa, ba ya so ya sa ni in faɗa. Shi ma ai ya san inji.

Ba zan ba direba takardar nan ba, kada ta kwana a aljihun wani. Gobe in Allah ya kai mu, Bala zai ɗora ni zuwa tasha, in shiga motar Bungudu da kaina. Rabona da mota tun rasuwar mahaifiyarka, ban san yadda ƙafar za ta yi ba. In ka ga takarda a hannun wani ba ni ba, to na gaza a hanya, ka yi abin da ke cikinta kafin ka zo nemana. In kuwa na iso, teburinsa yana bakin tasha, dole ta gabansa zan wuce.